Sabilin Tusun a Alƙahira: musayar baitoci

Ɗalibin Azhar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga baitoci kan sabilin Tusun, gidan shayar da ruwa kyauta da ke tsohon birnin Alƙahira. Amsa-amon "wa" ne, mai iko ya ɗora.

A Titin Mu'izzu, tsohon birni,
Dab da Ƙofar Zuwaila, cikin kasuwa,
Ga gini nan na farin marmara,
Gabansa a lanƙwashe, rufinsa na ba da inuwa.
Muhammad Ali Basha mai mulkin Masar
Shi ya gina shi yana jimamin rasuwa.
Ɗansa Tusun, annoba ta ɗauke shi a 1816,
Shekara ashirin da 'yan kai da haihuwa.
A 1820 aka kafa tagogin tagulla,
Mai ƙishi ya miƙa hannu a ba shi ruwa.
Ba a tambayar wane ne ubanka,
Attajiri da ɗan dako layi guda suke tsayawa.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka,
Ka taɓo min inda ke da damuwa.
Wanda ya taɓa binne abin da ya haifa
Ya san sarauta ba ta hana hawaye zubowa.
Sa'adu ɗan Ubada ya je gun Manzon Allah
Yana neman sadakar da zai yi wa uwa,
Aka ce masa shayar da ruwa ya fi,
Ya haƙa rijiya da sunanta, ladan na isarwa.
Uban Tusun wannan hanya ya bi,
Ni dai addu'a nake yi masa, da yabawa.

Malam na Maiwurno, Sudan:
Hajiya, ki gafarce ni, zan ja da baya,
Mu na bakin Nilu muna da abin faɗawa.
Sabil biyu mutumin nan ya gina a titin,
Na biyun a unguwar Nahhasin, 1828, don tunawa
Da Isma'il, ɗansa da ya turo mana da runduna,
Neman zinariya da bayi ya sa shi zuwa.
A Shandi ya ɗora wa sarkin garin, Mak Nimir, haraji mai nauyi,
Ya haɗa masa da wulaƙanci a gaban kowa.
Da dare aka kewaye masaukinsa da wuta,
A 1822 ya mutu ta hanyar ƙonewa.
Sai Daftardar, surukin Muhammad Ali, ya zo ɗaukar fansa,
Garuruwa suka zama toka, mutane na gujewa.
Su ma 'ya'yan wasu ne, Hajiya,
Su ma iyayensu sun yi kukan rabuwa.
Wa ya yanka musu marmara?
Wace taga ce ke ɗauke da sunan talakawa?

Ɗan Ga-ruwa, Kano:
Malam, Hajiya, ku ba ni wuri,
Tura kurar ruwa ce sana'ata ta rayuwa.
Ina jin ana ta zancen Basha da 'ya'yansa,
Ba wanda ya ce wa ke cikawa.
Yaya na Azhar, ka san ba rijiya ba marmaro a ƙasan ginin,
Daga kogin Nilu ake ɗaukowa.
A salka ake ɗurawa, a ɗora wa raƙumi da jaki,
Wani a gadon bayansa yake goyawa.
Ni na san yadda kafaɗa ke tsami da la'asar,
In akwai lada a nan, da su za a yi rabawa.

Ɗalibin Azhar:
Ɗan'uwa, maganarka dutse ce,
Tafki ne ginanne a ƙasa, sai da zubawa.
Da famfo ya shiga gidajen birni
Sai sabilai suka daina shayarwa.
Wannan ya tsage har ya kusa rushewa,
Masu gyara suka tallafe shi kafin faɗuwa.
A aikin nan aka buɗe tafkin ƙasa,
Yau mai ziyara na iya sauka yana dubawa.
Malam, ban musa maka ko baiti ɗaya ba,
Jinin Shandi ba marmara ce ke wankewa.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Malam, ban san labarin Shandi haka ba,
Allah ya jiƙan waɗanda aka yi wa kashewa.
Hisabin Basha na wurin Mai Sama,
Amma yaron da ya sha a tagar nan ya kashe ƙishirwa.

Malam na Maiwurno, Sudan:
Amin, Hajiya, ban hana a yi addu'a ba,
Ba kuma na so ginin ya kai ga lalacewa.
A gyara shi, a kai yara su gani,
Amma a faɗa musu labarin duka, ban da ragewa.
Ɗalibi, in Allah ya kawo ni Masar baɗi,
Nahhasin za ka fara kai ni, can nake son tsayawa.