Neman kalma: fitilun bikin Nara, kafin gobe da safe

Fassarau: Salamu alaikum. Ina fassara bayanin hotunan bikin Setsubun Mantoro na wurin bautar Kasuga Taisha da ke Nara, ƙasar Japan. A farkon Fabrairu ake yi, jajibirin shigar bazararsu. Da dare suke kunna abin da Bature ya kira lantern kimanin 3,000: wajen 2,000 na dutse a tsaye bakin hanya, sauran na tagulla a rataye. Me zan kira su? Sai kuma kalmar masu ɗaukar hoto, long exposure. Gobe ƙarfe 8 edita zai karɓa.

Maman_Iman: Wa alaikumus salam. Fitilar dutse, fitilar rataye. Shi ke nan.

Baban_Sadiq: Aci-balbal fa?

Maman_Iman: Haba, aci-balbal harshenta a fili yake. Waɗannan kyandir ne cikin ɗan ɗaki mai rufi, na dutsen har takarda ake manna wa tagoginsu.

Malam_Nahawu: Ni dai tun tuni na ba da "ɗakin haske". Fitila ba tamu ba ce, daga fatila ta Larabci take, wato lagwani.

Baban_Sadiq: Allah ya gafarta Malam, to kyandir da takarda fa? Idan muka kori aro, ko sunan ranakun mako ba za mu tsira da su ba.

Malam_Nahawu: Wannan lalaci shi ya sa yaranku ke cewa "zan yi snapping". Su Japanawan da sunansu suke kiran abinsu, toro.

'Yar_Damagaram: A rubuta toro, mai karatu ya zaci agwagwa 3,000 aka cinna wa wuta. Kuma "ɗakin haske" a wurinmu sai a ɗauka situdiyo ne.

Malam_Nahawu: Ba daga Damagaram ake yanke Daidaitacciyar Hausa ba.

'Yar_Damagaram: Ba kuma daga zaurenka ba, Malam.

Fassarau: Don Allah jama'a, dare na yi.

Mai_Hoto: Na biyun zan taɓa, wato long exposure. Hasken kyandir kaɗan ne, in ka sa filasha sai jan hasken ya mutu, dutsen ya fito fari fat. Saboda haka ake kafe kyamara kada ta motsa, a bar idonta buɗe daƙiƙa biyu ko huɗu tana shan haske. Fitilun su fito ras, masu wucewa kuwa su zama kamar hayaƙi. Mu a shago "jan lokaci" muke cewa.

Maman_Iman: Jan lokaci zai yi kama da ɓata lokaci. "Doguwar ɗauka"?

Mai_Hoto: Masu fim za su ce tasu ce. Amma da bayani za ta wuce.

Fassarau: To na ɗauki fitilar dutse da fitilar rataye. Doguwar ɗauka zan sa sau ɗaya, in bi ta da bayanin Mai_Hoto. Bazara ma tana damuna, don lokacin sanyi ake zubawa a Nara.

Malam_Nahawu: Sa fitilarka, tunda sauri kake. Amma kada ka ce da yawuna. Maganar bazara kuwa buɗe mata wani zaren, ina da abin faɗa.