Shin hukumominmu za su iya gudanar da binciken lafiyar al'umma da kansu?

Ɗalibar lafiyar al'umma, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala digiri na biyu a kan mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan duk alƙaluman da na dogara da su daga binciken NDHS suka fito, wato binciken al'umma da lafiya da ake yi gida-gida a faɗin Najeriya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa. Rahoton 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane dubu ɗaya suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ya sauka zuwa 110. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin da USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, take bai wa shirin DHS na binciken al'umma da lafiya a ƙasashe daban-daban, wanda shi ne yake tallafa wa waɗannan bincike tun na farko da aka yi a Najeriya a 1990. Tambayata ga masana ita ce: idan aka ce a ƙarfafa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da takwararta ta ƙidaya har su tsaya da ƙafafunsu, me ake nufi a aikace, kuma daga ina ya kamata a fara?

Malamin ƙididdiga mai ritaya, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malama. Da farko ya kamata a rarrabe ayyukan, domin mutane da yawa suna haɗa su. Hukumar Ƙididdiga, wato NBS, wadda dokar 2007 ta ɗora wa alhakin daidaita alƙaluman ƙasa, ita ce take gudanar da binciken MICS a kan halin da yara da mata suke ciki, tare da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, kamar wanda aka yi a 2021. Hukumar Ƙidaya kuwa ita ce take riƙe da ƙidayar jama'a da rajistar haihuwa da mutuwa da kuma NDHS.

A ganina, ba daga sayen kwamfuta ko shirya taron bita za a fara ba, daga ƙidaya za a fara. Duk binciken gida-gida yana buƙatar jerin yankunan da za a zaɓi samfuri, wato gidajen da za su wakilci sauran, daga cikinsu, kuma wannan jeri daga ƙidaya yake fitowa. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Unguwar da take gona a wancan lokaci yau ta cika da gidaje, ƙauyen da yake cike da mutane kuma wataƙila rashin tsaro ya watsa shi. Duk wanda ya ce kashi kaza na yaran wata ƙaramar hukuma sun sami rigakafi, da ƙiyasin yawan yaran wurin ya raba, ba da adadin da aka ƙirga ba, shi ya sa wani lokaci ake ganin rahoton da ya haura kashi ɗari.

Abu na biyu shi ne mutane. Aikin fili ma'aikatanmu sun daɗe da iya shi. Inda aka fi jingina da ƙwararrun waje shi ne tsara samfuri, da auna nauyin alƙaluma don su wakilci jama'a baki ɗaya, da tace bayanai, da adana su yadda ɗaliba irinki za ta iya samunsu. Waɗannan ayyuka na mutane ƙalilan ne, amma horar da kowanensu yana cin shekaru, kuma da zarar ya goge sai ƙungiyar da ta fi albashi ta ɗauke shi. Hukumar da ba ta iya riƙe irin waɗannan ma'aikata ba, ko sau nawa aka horar, kullum daga farko za ta riƙa somawa.

Tsohuwar mai tattara bayanai, Katsina:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya, sai dai ina roƙon afuwa in ɗan saɓa masa a kan cewa an gama iya aikin fili. Na yi wannan aiki a bincike daban-daban, kuma na ga yadda kuskure yake shiga tun daga tsakar gida.

Akwai ranar da na zauna a kan tabarma da wata mata a wani ƙauye, bayan mun sami izinin mai unguwa da na maigidanta. Na tambaye ta yawan 'ya'yan da ta haifa, ta ce biyar. Ina cikin rubuta sunaye sai kishiyarta, da take tankaɗe a gefe, ta ce mini a hankali ba ta sa ɗan fari ba, saboda kunya ba ta ambatonsa. Da na sake bi da ita sannu a hankali, ina tambayar tazarar da ke tsakanin kowace haihuwa, sai ga wasu biyu da suka koma kafin ranar suna, waɗanda ita a wurinta ba a lissafa su. Biyar ta zama takwas. Da na yi gaggawa, da mutuwar jarirai biyu ta ɓace daga alƙaluman da ke, Malama, za ki yi nazari a kansu.

Haka batun shekaru yake. Uwar da ba ta da takardar haihuwa sai an haɗa mata da azumi, ko babbar Sallah, ko daminar da aka yi ambaliya, kafin a gano watan da ta haihu. Ma'aikaciyar da ta gaji, ko wadda alawus ɗinta ya makale, tana iya mayar da yaro ɗan shekara huɗu ya zama ɗan shida, don ta tsallake dogayen tambayoyin rigakafi da awon nauyi. Maganin wannan shi ne mai duba aiki ya koma wasu gidajen ya sake tambaya, a biya ma'aikata a kan lokaci, sannan a ɗauki matan da suka san harshen wurin da al'adarsa, domin gidan da ake kulle namiji ba zai shiga ba.

Ma'aikacin lafiya, Maraɗi:

Ina gaishe ku 'yan'uwa. Abin da Hajiya ta faɗa mun gan shi a Nijar. Ma'aikatar ƙididdigarmu, INS, ta gudanar da ƙidaya da binciken lafiya a 2012, amma binciken da aka sake yi a 2017 shirin DHS bai saki bayanansa ba saboda shakku a kan ingancinsu. An kashe kuɗi, ma'aikata sun sha rana, ƙasa kuma ta ci gaba da dogara da tsofaffin alƙaluma na wasu shekaru. Saboda haka nake ganin kuɗin sa ido a fili ya kamata ya zama na farko da za a ware a kasafin ƙasa, ba wanda ake yankewa idan kuɗi ya gaza ba.

Ɗalibar lafiyar al'umma, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, labarinki ya sa zan koma in duba rabon shekarun yara a bayanan da nake amfani da su, in ga ko sun taru a shekara shida fiye da kima. Malam, ina da ƙarin tambaya: tun da binciken 2018 ya nuna kashi 43 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, shin ya fi dacewa a karkatar da ɗan kuɗin da ake da shi zuwa rajistar haihuwa da mutuwa, ko a fara tabbatar da cewa binciken gida-gida na gaba bai tsaya ba?