Gadon gida da gadon amarya

Ɗan Adar, Yamai:
Salamu alaikum. Jiya da rana wata hajiya ta ce mini "kafinta", da dare Kawu ya kira daga Tawa ya ce "ɗan masassaƙa". Barci ya ƙi, ga abin da ya fito:

Kakana da gizago ya tsufa a Tawa,
Gungumen kirya ya samu ya hau fafewa,
Turmi ya fito, mata suka hau dakawa,
Ba ƙusa, ba mita, ido ke aunawa.
Ni ko ina kasuwar Katako, inji ke yankawa,
Katakon ga daga kudu mota ke kawowa,
Ban ga iccensa tsaye ba bare in sha inuwa.
Na bar gadon gida, gadon amare nake haɗawa,
To mi ne sunana? Ina jiran amsawa.

Kawu Mai Gizago, Tawa:
Ɗana, amsarka na nan amma da ɗaci,
Daure ka sha ta kamar jiƙon maɗaci.
Mu icce muka sani tun shina tsaye da mutunci:
Aduwa ta allo, yaro shi bar jahilci,
Marke na ƙota, manomi shi samu na ci,
Kirya ta turmi, gara ta gan ta ta yi barci.
Turmin auren uwarka ni na yi shi don zumunci,
Har gobe shina amo, bai san tsagewa ba ko lalaci.
Ku ko garin katako aka matse don kasuwanci,
Ku lulluɓe da furmika shi yi ƙyallin munafunci,
Damina guda shi kumbura, mai shi shi sha takaici.

Na Katako, Yamai:
Baba, a gafarce ni, zan sa baki cikin zancen manya.

Baba, ina kiryar take? Daji ya zama faƙo,
Ka ɗaga gatari, 'yan gandun daji su iso,
Ko reshe sai da takarda in ka nufi gawo.
3 ga Agusta, ranar dashen icce, muke shuka, mu jira ta yi tsawo,
Kafin nan iyali su ci mi? Su lashi ƙoƙo?
Akushi ya kwanta tun da roba ta zo da kwano,
Injin niƙa ya karɓe rabin aikin gero.
Teburin lakwal wa ya yi, da ake zaunar da yaro?
Ƙofa, kanta, har bencin zaman taro?
Abin goge katako mu nan rabo muke ce mai,
Kuma da shi muke fita neman rabo.

Inna ta Wadata, Yamai:
Ku maza da gardamar suna kun cika,
Ni mai saye ce, aiki nake dubawa ba baka.
Gadon ɗiyata, yaro, ya fito daga hannunka,
Haihuwa ukku bai yi ƙara ba, sannunka.
Amma furar inji ba ta kama ƙafar ta daka,
Turmina ya tsage, na ɗaure shi da tsumma da leda baƙa.
In jinin masassaƙa na gudu a jikinka,
Kafin Salla ka yi min sabo, in sa maka albarka.

Ɗan Adar:
Inna ta kama ni a hannu, ba wurin zillewa.

Na karɓa, Inna, ko tafina zai yi kanta da fashewa,
Shekara tara rabona da sara da fafewa.
Zarto ya ciyar da ni, ba ni zubar da shi don kunyar kowa,
Gizago ya haife ni, shi ma ba ni musantawa.
Kawu, na kaka na rataye a zaure, tsatsa na cinyewa,
Sa shi motar Yamai, ni ke zuwa tasha tarbowa.

Kawu Mai Gizago:
Ƙarfen na nan, gobe in sha Allahu shina mota,
Sai dai ka sani, tun bara gara ta cinye ƙota.
Nemi marke ka sassaƙa sabuwa ka ɗaura mata,
In na ga ƙusa ko ɗaya a jiki, ni da kai mun ɓata.