Wa Ya Gani da Idonsa? Muhawara Kan Asalin Halitta

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina. Duk wanda ya ce maka sararin samaniya ya fara ne shekara biliyan 13.8 da suka wuce, ko ya ce duniyar nan ta kai shekara biliyan 4.5, ka tambaye shi ko yana wurin. Ba ya nan, wanda ya koya masa ma ba ya nan. To a ganina imani ya yi, kamar yadda ni ma na yi imani da abin da ban gani ba. Bambancinmu kawai ni na amsa sunan nawa, shi kuwa ya sa wa nasa farar riga ya kira shi ilimi. Mai ja, bismillah.

Malama: Wa alaikumus salam. Ina da ja, Injiniya. Abin da ya kamata ka tambayi mutum shi ne: me za a gano gobe da zai sa ka janye maganarka? A 1948 ra'ayi biyu ne ke kokawa. Fred Hoyle da abokansa biyu a Ingila sun ce sararin samaniya ba shi da farko, haka yake tun fil'azal. Ɗaya ɓangaren suka ce ya fara ne a cure da zafi mai tsanani, sannan ya yi ta buɗewa yana hucewa. A wannan shekarar Ralph Alpher da Robert Herman suka yi lissafi cewa in maganar farawa da zafi gaskiya ce, dole a tarar da ragowar ɗumin ko'ina a sama, kusan digiri 5 sama da ƙarshen sanyi. Sun ɗaure kansu ke nan, don da an duba babu, maganarsu ta faɗi. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata eriyar rediyo a New Jersey ta Amurka, ba ma wannan suke nema ba, sai wata ƙara ta hana su sakat, duk inda suka juya eriyar tana nan. Har kashin tattabaru suka share daga cikinta, ƙarar ba ta tafi ba. Ragowar ɗumin nan ce. Yau an auna shi, digiri 2.7 ne.

Injiniya: Malama, an ce 5 an samu 2.7. Ni in na yi wannan kuskuren a lissafin gada ai gidan yari zan kwana. Kuma shi Hoyle ɗin ya janye? Har ya mutu a 2001 bai yarda ba. In wannan ba riƙon aƙida ba ne, mene ne?

Malama: Bai janye ba, gaskiya ne. Masanin kimiyya mutum ne, yana da taurin kai da son girma kamar kowa. Amma sauran masana sun bar shi a wurin sun wuce, ɗalibai ma aka daina koya musu nasa a matsayin mai rinjaye. Batun 5 da 2.7 kuwa, ɗayan ra'ayin ai bai yi hasashen wannan ɗumin ba kwata-kwata. Sannan tauraron ɗan'adam mai suna COBE da aka harba a 1989 ya auna yadda hasken ya rarrabu, ya zo daidai da siffar da lissafi ya ce za a gani.

Auta: Anti Malama, ki yi haƙuri in tsoma baki. Ke kin taɓa auna wannan ɗumin da hannunki? Ni dai ban taɓa ba. A littafi na karanta, na haddace, na rubuta a jarrabawa aka ba ni maki. In na ce na sani, ƙarya nake, an gaya mini ne na yarda. Ina ganin Yaya Injiniya yana da gaskiya a kan irinmu, ko da ba shi da ita a kan masu na'urar.

Alaramma: Assalamu alaikum. Auta, Allah Ya yi maka albarka, ka taɓo wuri. Abin da kake yi taƙlidi ne, kuma ba abin kunya ba ne, don mafi yawan abin da ɗan'adam ya sani ta hanyar labari ya same shi. Shi ya sa malaman hadisi suka sha wahala wajen tantance masu ruwaya: wane ne ya faɗa, amintacce ne, yana da riƙo, ta hanya nawa maganar ta zo. Karɓar labari yana da ƙa'ida, ba rufe ido ba ne.

Amma Injiniya, da kai nake so in yi magana. Kana ganin kamar kare addini kake yi, ni kuwa ina ganin rage masa daraja ka yi. In gobe aka ƙera sabuwar na'ura ta ce shekarun 14 ne ba 13.8 ba, Malama za ta goge abin da ta rubuta a allo ta gyara, ta yi barcinta lafiya. Ni kuwa babu na'urar da nake jiran sakamakonta kafin in yi kalmar shahada. Imani da gaibu alkawari ne da mutum ya ɗaure rayuwarsa da mutuwarsa a kai. Yaya za ka ɗauki abin da mai shi ke cewa "wannan shi ne mafi ƙarfi zuwa yanzu" ka ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da wannan?

Injiniya: Allah gafarta Malam, ban yi tsammanin daga ɓangarenka za a jefo ni ba.

Malama: Malam ya yi daidai, kuma an taɓa goge allon. Lissafin Edwin Hubble na 1929 ya nuna shekarun sararin samaniya kusan biliyan 2 ne, alhali masu nazarin duwatsu suna samun alamar duniya ta girmi haka. Ba a ce kowa ya yi shiru ya yarda ba, sai aka koma neman inda kuskuren yake, har Walter Baade ya gano a 1952 cewa an yi kure wajen auna nisan taurarin. Yanzu haka ma akwai rigima a kan saurin buɗewar: wata hanyar awo tana ba da 67, wata tana ba da 73, kuma a fili ake ta jayayya a kai.

Lauya: Na bar ku kun yi ta yi ne don in ga ko wani zai sauka ƙasa. Malama, duk awon nan yana tsaye a kan abu ɗaya da ba a tabbatar ba. Clair Patterson ya samu shekarun duniya biliyan 4.55 a 1956 ta hanyar auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, don yuraniyom yana rikiɗewa ya zama dalma da saurin da aka sani. Wa ya ce da wannan saurin yake rikiɗewa tun farko? An ɗauka ne cewa dokokin yau su ne na jiya. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce in wuta ta taɓa auduga ta ƙone, abin da ido ya gani shi ne biyun sun zo tare, ido bai ga "dole" ba. David Hume ya maimaita kusan wannan a ƙarni na 18, kuma har yau masu falsafa ba su gama da ita ba. Nan ne ƙarar Injiniya ke da ƙarfi, shi ne bai iya shigar da ita ba.

Injiniya: Na ɗauke ka aiki, Barista.

Malama: Ana gwada wannan ɗaukar ma, Lauya. Hasken da ke iso mana daga gungun taurari masu nisa ya baro can tun biliyoyin shekaru, kuma in aka rarraba shi ana ganin alamomin haidurojin da tsari irin na wanda ke ɗakin gwajinmu. A 1972 aka gano cewa wata ma'adanar yuraniyom a Oklo ta ƙasar Gabon ta taɓa yin aiki da kanta kamar tashar nukiliya kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, kuma abin da ta bari ya dace da dokokin da muke aunawa yau. Da dokokin sun sauya sosai, da an ga tabo.

Lauya: Da wane ma'auni kika san shekarun Oklo ɗin? Da ma'aunin da ake tuhuma.

Malama: Da ma'aunai daban-daban da ba su dogara da juna ba, kuma suka haɗu a wuri ɗaya. Amma in kana nufin can ƙasan ƙasa akwai ɗauka cewa halitta tana da tsari kuma hankali yana iya riskarsa, to akwai. Sai dai wannan ba ta masu kimiyya kaɗai ba ce. Injiniya da ita yake lissafin ƙarfen gadarsa, kai ma da ita kake karɓar shaidar yatsa a kotu. Ba za ka yi aiki da ita duk mako ba, sannan ka ƙi ta ranar da ta kawo amsar da ba ka so.

Dakta: Ku bari in shigo da ɓangaren masu rai, don na san can ne zuciyar Injiniya take. Neil Shubin da abokan aikinsa sun ce in dabbobi masu ƙafa huɗu sun fito daga kifaye, ya kamata a samu na tsakani a duwatsun da suka kai kusan shekara miliyan 375. Suka nemo irin duwatsun a tsibirin Ellesmere na Kanada, suka yi shekaru suna tono, a 2004 suka samu Tiktaalik, kifi mai wuya da faffaɗan kai da ƙasusuwa irin na wuyan hannu a cikin fiffikensa. Ga wata kuma: mutum yana da kromosom (wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta) tagwaye 23, cimfanzi da goggon biri suna da 24. Masu cewa asali ɗaya ne suka ce lallai biyu ne suka haɗe a namu. A 1991 aka gano mahaɗar a kromosom na 2, da alamomin da aka saba gani a ƙarshen kromosom zaune a tsakiyarsa.

Injiniya: Dakta, ka manta da Piltdown? An kawo ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin biri a 1912 aka ce kakan ɗan'adam ne, manyan masana suka yi ta tafi har shekara 40.

Dakta: Ban manta ba, abin kunya ne, kuma son zuciya ya taimaka, sun ga abin da suke so su gani. Amma su wa suka tona asirin a 1953? Masu kimiyya ne, da gwajin sinadari da madubin ƙara girma. Inda zan ba ka fili shi ne farkon rai kansa. Stanley Miller ya nuna a 1953 cewa wasu tubalan furotin suna iya haɗuwa daga iska da tartsatsin lantarki, amma daga nan zuwa ƙwayar halitta mai rai tafiya ce mai nisa, kuma babu wanda ya nuna yadda aka yi ta. Duk wanda ya ce maka an gama wannan ya ƙara gishiri.

Alaramma: Dakta, a kan Annabi Adamu, alaihis salam, matsayata daga wahayi take, kuma ina faɗa a fili cewa daga wahayi take, ba na jingina ta ga ɗakin gwaji. Abin da nake so ku lura da shi daban ne. A karatun tauhidi ana kawo maganar Balaraben ƙauye cewa kashin raƙumi yana nuna raƙumi, sawu yana nuna mai tafiya. Da wannan hankalin Malama ta bi sawun ɗumi ta isa ga farkon zafi, da shi ni ma nake kallon tsarin da ta ce ta ɗauka, in ce akwai Mai tsarawa. Don haka kada wani ya tashi daga nan yana cewa mai addini ba shi da hujja, rufe ido kawai yake yi.

Malama: Ban ce haka ba, Malam, kuma na'urata ba ta kai can ba. Lissafin yana bayanin yadda abin ya buɗe ya huce, bai ce komai a kan dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo maganar buɗewar, Georges Lemaître, wanda ya yi nasa lissafin a 1927, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kamar binciken ya tabbatar da halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, don ba ya son a ɗaure aƙida a jikin lissafin da zai iya sauyawa. Haka wanda zai ce kimiyya ta tabbatar babu Mahalicci, shi ma ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga wani fagen. A kan wannan mutumin, Injiniya, maganarka ta zauna.

Auta: To ni mai haddar littafi ina na tsaya?

Dakta: Kana inda kowa yake a fagen da ba nasa ba, ƙanena. Sai dai ƙofar a buɗe take, in ka yi karatun za ka iya sake awon da kanka, kuma in ka kama su da kuskure suna za ka yi.

Injiniya: Ban sauka ba tukuna. Ku da kanku kun ce abin da muke gani muke taɓawa kusan kashi 5 ne cikin 100 na sararin samaniya, sauran 95 ɓoyayyen abu ne da ɓoyayyen ƙarfi da babu wanda ya taɓa kamawa. Kun yarda da su don lissafi ya ƙi daidaita. Malam, wannan ba gaibu ba ne?

Malama: An taɓa yin irin wannan sau biyu, kuma mutum ɗaya ne ya yi. Urbain Le Verrier ya ga tafiyar duniyar Yuranus tana karkacewa, ya ce akwai wata duniyar da ba a gani ba tana janta, ya faɗi inda za a duba. A 1846 aka duba daga birnin Balin na Jamus aka ga duniyar Neftun a wurin. A 1859 ya sake yin haka da duniyar Makyuri, ya ce akwai wata kusa da rana, har aka raɗa mata suna Vulcan. Aka yi ta nema babu, sai a 1915 Einstein ya nuna cewa dokar Newton ce ke buƙatar gyara. Ɓoyayyen abun nan zai iya zama Neftun, zai iya zama Vulcan, kuma akwai masana da ke aiki a kan kowanne daga cikin biyun.

Injiniya: To ranar da kuka kama shi ku kira ni.

Lauya: Ni kuma a rubuta cewa tambayar Ghazali tana nan. An nuna mini kowa yana aiki da ɗaukar, ba a nuna mini an tabbatar da ita ba.