Dogon donat mai sukarin mefil a kai: wa ya taɓa gasa shi a gida?

Maman Ikram, Seattle:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda ke zaune a yammacin Amurka, daga Washington da Oregon har California, sun san dogon donat ɗin nan marar rami, mai kusurwa huɗu, wanda ake shafe bayansa da sukari ruwan ƙasa mai ƙamshin mefil (ruwan zaƙin nan da ake samu daga jikin wani itace). Kowane shagon donat a nan yana da shi, yarana kuma sun nace masa. Abu biyu ya sa nake son na riƙa yi a gida. Na ɗaya, tun da shagon Voodoo Doughnut na Portland ya yi suna da mai naman alade a kai, shaguna da yawa suka ɗauka, ni kuma hankalina ya daina kwanciya da na saye. Na biyu, gidanmu ƙarami ne, da na ɗora mai a wuta ƙararrawar hayaƙi za ta tara mini maƙwabta. Shi ya sa nake gasawa a obin. Yana yin laushi, amma yara sun ce burodi ne aka shafa wa sukari, kuma duk da mefil na gaskiya nake sawa, ƙamshin ba ya fitowa. Don Allah wadda ta gwada ta faɗa mana yadda ta kaya.

Hajiya Bilki, Montreal:
Wa alaikumus salam Maman Ikram. Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Quebec, inda ake fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan mefil ɗin duniya, don haka bari na fara da shi. Ruwan itace ne. A ƙarshen sanyi, wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta ɗan saki, ake huda jikin itacen a tari ruwan da ke ɗigowa. Idan kika ɗanɗana shi a lokacin, zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Sai an tafasa kimanin lita 40 kafin a samu lita ɗaya, dalilin tsadarsa ke nan.

Kala huɗu ake sayarwa: mai ruwan zinare, mai ruwan zuma, mai duhu, da mai duhu sosai. Mai hasken yawanci na farkon kaka ne, ƙamshinsa sanyi-sanyi, da kin haɗa shi da kofi biyu na garin sukari ya ɓace. Ina kyautata zaton shi kika saya. Nemi mai duhun, shi ne na girki.

Kuma kar ki zuba shi haka ɗanye. Ni rabin kofi nake sawa a tukunya mai zurfi da bota cokali biyu, na bar shi ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta kamar minti huɗu har ya ragu. Ki tsaya a kansa, don yana tasowa lokaci guda ya zube a kan murhu. Sai na sauke, na tankaɗe sukarin aisin kofi ɗaya da rabi a ciki, na sa gishiri ɗan yatsa biyu, na juya. Kaurinsa ya zama kamar kunun gyaɗar da ya ɗan huce. Idan ya yi tauri ki ɗiga madara, cokalin shayi ɗaya-ɗaya. Gishirin nan kar ki raina shi, shi ke fito da ƙamshin.

Malam Sani, Minneapolis:
Hajiya ta yi bayani, amma ku yi haƙuri na ɗan ɓata muku rai. Na yi aikin dare a wani gidan donat lokacin da nake karatu. Mu a nan Long John ake ce masa, wani ma a ɗura masa kirim a ciki. Sukarin da muke tsomawa a ciki a bokiti yake zuwa, mu ɗumama shi mu ƙara turaren mefil na kwalba. Ban taɓa ganin ruwan itace ya shigo wannan kicin ba. To ɗanɗanon da yaranku suka saba da shi na turaren ne. Ko kin ƙarar da kwalba guda ta gaskiya ba za ki samu irinsa ba, za ki samu wani abu daban, wanda ni a bakina ya fi daɗi, amma yaro ba ruwansa.

Maganar gashi kuwa, yaran sun faɗi gaskiya. Abin da ke mai da kwaɓaɓɓiyar fulawa donat shi ne mai mai zafi, wajen digiri 180 zuwa 190 na Salsiyos, minti ɗaya da ɗan wani abu kowane gefe. Bayan ya yi ɓawo siriri nan take, cikin ya dahu da tururinsa, ga farin layin nan a tsakiya. Obin ba ya yin wannan.

Maman Walid, Jos:
Malam, mun ji, amma ba kowa ke iya cin suya ba, maigidana likita ya hana shi. Kuma gasasshen ma idan an iya shi ba a tayawa. Maman Ikram, ni abin da ya raba nawa da burodi shi ne dankalin turawa, mu da muke da shi a bakin ƙofa. Ga yadda nake yi.

Fulawa giram 500, yis na leda giram 7, sukari cokali huɗu, gishiri cokalin shayi ɗaya, gyaɗar ƙamshi rabin cokalin shayi. Madara mai ɗumi kofi ɗaya ba cikakke ba, ƙwai ɗaya da gwaiduwa ɗaya, bota giram 70, sai dafaffen dankali matsakaici guda ɗaya, a murƙushe shi sosai ya huce. Gyaɗar ƙamshin nan ita ce ƙamshin da hanci ke ji ya ce donat ne, idan babu ita ko soyawa kika yi sai kin ji da saura.

Ki haɗa komai ban da botar, ki murza kamar minti biyar, sannan ki riƙa saka botar kaɗan-kaɗan kina ci gaba da murzawa. Zai yi ta kama hannu, zuciyarki za ta ce ƙara fulawa. Kar ki biye mata. Ki shafa mai a tafin hannu ki ci gaba har ya yi santsi, idan kika ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Ki rufe ya ninka. Sai ki baza shi a kan tebur, kaurin ɗan yatsa, ki gyara gefunan da wuƙa su miƙe, ki yanka dogo-dogo, tsawon tafin hannu, faɗin yatsu uku. Yana ba ni sha biyu. Daɗin wannan yankan babu ragowar da za a sake murzawa irin na mai rami.

Ki jera a tire da tazara, ki rufe su sake tashi. Obin ya yi zafi tukuna, digiri 190, minti 10 zuwa 12. A nan yawancinmu ke faɗuwa: muna jira saman ya yi ja. Idan saman ya yi ja ya riga ya bushe. Ki ɗaga guda ki leƙa ƙasansa, in ya yi ruwan zinare ki fitar ko da saman fari ne, ai sukari zai rufe shi. Da fitowarsu ki shafe su da narkakkiyar bota ta ko'ina, har ƙasa, ki lulluɓa musu tsumma mai tsabta su huce a ciki.

Maman Ikram, Seattle:
Allah ya saka Maman Walid. Ashe minti ashirin da nake ba shi ne. To botar da aka shafa ba za ta sa sukarin ya zame ba?

Maman Walid, Jos:
Ba ya zamewa in kin bari ta shige jikinsa. Ki jira sai ya zama ɗumi-ɗumi, yadda za ki riƙe a hannu ba ki ji komai ba. Kuma kifa shi za ki yi a cikin sukarin ki ɗago, ba da cokali za ki shafa ba.

Anti Zee, Kaduna:
Mu na gida namu kukan daban ne. Kwalaben mefil da ke cike da kantuna, masu hoton fankek da ganyen tutar Kanada, in kika juya bayansu kika karanta za ki ga ruwan sukarin masara ne da kala da turare. Na gaskiyar ana samu jefi-jefi a manyan kantunan Abuja da Legas, kuɗinsa kuma sai ki yi cefanen kwana da kwanaki da shi. Ni na haƙura, na koma wa abin da ke kicin ɗina, wato hulba da mazarƙwaila.

Hulba cokalin shayi ɗaya nake ɗan soyawa a busasshen kasko, daidai ta fara ƙamshi, kar ta yi baƙi. Sai na zuba ta a madara mai zafi rabin kofi, na rufe minti goma, na tace. In ta wuce haka ɗaci ke fitowa, kuma ɗacin hulba ba sukarin da ke kashe shi. Na narkar da mazarƙwaila ɗan gutsure a cikin madarar da bota cokali ɗaya, na sake tacewa saboda ƙasa-ƙasan da ba a rasa ta da shi, sannan na zuba sukarin aisin har ya yi kauri. Ƙanwar maigidana da ta yi karatu a Toronto ta ci ta tambaye ni wa ya aiko min da mefil.

Dr. Hauwa, New Jersey:
Anti Zee ba tsafi ta yi ba, ilimi ne. Akwai wani sinadari a cikin hulba mai suna sotolon, kuma da shi ake haɗa turaren mefil na kwalba da Malam Sani ya ambata. Shi ne ma ƙamshin da ke fita a zufar mai shan hulba, duk wadda ta yi jego ta san shi. Har a New York an yi shekaru, tun daga 2005, jefi-jefi gari ya game da ƙamshin mefil, mutane suna ta kiran hukuma cikin tsoro. Sai a 2009 magajin gari Michael Bloomberg ya sanar cewa wata masana'anta ce a nan New Jersey da ke sarrafa hulba, iska ke ketarawa da ƙamshin.

Ƙarin bayani ga masu sayen turaren girki a Amurka: ku duba bayan kwalba. Dokarsu ta ce ruwan banila na asali sai ya ƙunshi alkohol aƙalla kashi 35 cikin 100, kuma turaren mefil da yawa ma da shi ake haɗawa. Hukuncin wannan na bar wa malamai, ni dai marar shi nake nema, ana samu.

Ummu Sadiq, Kano:
Ni ba ni da obin, a tukunya nake yi. Babbar tukunya, yashi mai tsabta a ƙasa, na ɗora murfin gwangwani uku, faranti a kai, na rufe ta yi zafi minti goma kafin na sa. Huɗu-huɗu take ɗauka, don haka ragowar nake ajiyewa wuri mai sanyi kar su tashi su wuce misali kafin layi ya zo kansu. A tukunya ƙasan ke rigan saman, sai na juya su sau ɗaya.

Abin da ya fi ba ni wahala yanayi ne. Da hunturu bayan kwaɓin ke bushewa ya tsattsage tun bai tashi ba, dole na shafa mai na rufe da leda ruf. Da bazara kuma minti talatin ya ninka, in kika tafi sallah kika biya hira sai ki tarar yana tsami. Sannan kar wadda ta ƙulle su a leda bayan ta sa sukarin. Wata maƙwabciyata ta yi wa 'yan suna guda hamsin ta ɗaure tun da safe, kafin azahar sukarin ya narke ya koma ruwa a gindin leda, donat ɗin ya yi tsirara. Kwali ake sa su, a bar murfin a ɗan buɗe.

Hajiya Bilki, Montreal:
Ummu Sadiq ta tuna min, ku da ke ƙasar zafi, in Allah ya sa aka kawo muku mefil na gaskiya tsaraba, da kun fasa shi sai firji. Ba zuma ba ne, yana yin fumfuna a sama. Inda wuta ba ta tsayawa gara a sa a firiza, ba ya daskarewa ya yi dutse saboda yawan sukarinsa. Mu a nan a gwangwani mai mililita 540 ake sayar da shi, shi ya fi sauƙin sawa a akwati, amma in an buɗe a juye a kwalba. Mutanen nan fa ba sa wasa da shi, har rumbun ajiya suke da shi na ganguna saboda shekarar da kaka ba ta yi kyau ba, kuma tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka kwashe na kusan dalar Kanada miliyan 18 daga ciki, wasu gangunan suka cika su da ruwa.

Baban Amira, Calgary:
Ni na'urar suya da iska nake amfani da ita, digiri 170, minti shida zuwa bakwai, na shafa mai kafin na sa. Tsakanin gashi da suya yake fitowa. Sai dai kwana ɗaya ne rayuwarsa, washegari ya yi tauri. Akwai dabarar ajiyewa?

Malam Sani, Minneapolis:
Babu, Baban Amira, ko a shago wanda ya kwana ba a sayar da shi da kuɗin sabo. Abin da za ka iya shi ne ka gasa duka, ka tsoma wanda za a ci yau kaɗai, sauran ka sa a firiza ba sukari. Ranar da kake so ka fitar su saki, ka ɗumama minti uku, ka haɗa sabon sukari.

Tunda kun ƙi suya, to ku kula da tashi na biyu, don gasasshe ba shi da mai da zai rufa masa asiri. Ku danna gefensa da yatsa a hankali. In ramin ya ciko nan take, da saura. In ya tsaya yadda yake bai motsa ba, ya wuce, zai sace a obin. Wanda ake so shi ne ya ciko sannu-sannu ya bar ɗan alama. Kai da ke Calgary da Maman Walid a Jos, garuruwanku a kan tudu suke, sama da mita dubu, kwaɓinku zai riga namu tashi, ku fara dubawa tun minti ashirin da biyar.