An ce sai an cire wa 'yata ido ɗaya, ina neman shawara

Assalamu alaikum. 'Yata ba ta cika shekara 2 ba. Duk hoton da aka ɗauke ta da hasken kyamara, tsakiyar idonta na hagu sai ya fito fari, na dama kuma ja. Daga baya idon ya fara harara-garke.

Likitan ido ya sa aka yi mata allurar barci ya duba, aka yi hoton MRI (hoton da ke nuna cikin kai da ido), ya ce kansar ido ce ta yara, retinoblastoma. Ya ce ba a yankar tsoka a gwada, don kada ta bazu. Ƙarin da ke hagu ya yi girma, gani ya tafi, cire idon ne zai tsare ranta. Na dama ƙarami ne, za a ƙona shi da hasken leza.

Mahaifinta ya ƙi sa hannu, shi dai a fara gwada kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Ni kuma jinkirin nake tsoro, don an ce kansar tana bin jijiyar ido ta kai ƙwaƙwalwa.

Don Allah wanda aka taɓa cire wa ɗansa ido, yaya yaron ya saba da idon roba? Sannan tunda ido biyu ne, an ce ta gado ce. Ƙaninta jariri fa, yaushe ya kamata a duba shi?