Mako uku ina makokin mutumin da bai taɓa rayuwa ba, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon kada a yi mini dariya, don a gida an yi mini har ta ishe ni.

Shekarata 24. A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas, na fara karatun littattafan Harry Potter. Shida na karanta a jere, na bakwai kuwa na ajiye shi ban buɗe ba, sai watan jiya. Tun daren da na kai wajen mutuwar Fred Weasley ban sake zama daidai ba.

Ga wanda bai san labarin ba, Fred da George tagwaye ne, maza, sarakan barkwanci. Ba a ganin ɗaya ba tare da ɗaya ba. Wannan ya fara magana, wancan ya ƙarasa. A yaƙin ƙarshe da aka yi a makarantarsu bango ya fashe, Fred ya mutu da sauran dariya a fuskarsa, aka bar George shi kaɗai.

Na yi kukan Sirius a littafi na biyar, na yi na Dumbledore a na shida, amma kwana ɗaya biyu ya wuce. Wannan yau mako uku ke nan. Abinci ba ya mini daɗi. Ina farkawa cikin dare ina tunanin yadda George zai buɗe shagonsu da safe ba kowa a gefensa. Na ɗauki wani littafin don in manta, ko shafi goma ban iya yi ba. Umma ta ce littattafan tsafin nan ne suka jawo mini iska, za ta kai ni ruƙiyya. Yayana kuwa cewa ya yi na rasa abin kuka sai Baturen ƙarya.

Tambayata: lafiyata ƙalau kuwa? Na yi zunubi ne da na shaƙu da mutanen labarin da aka gina a kan sihiri? Kuma yaya zan yi in fita daga wannan hali?

Wani ɗan'uwa daga Katsina:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Sihiri ba abin wasa ba ne. Ki duba aya ta 102 a Suratul Baƙara, ki kuma tuna yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da Annabi (SAW) ya lissafa a hadisin Bukhari da Muslim. Littafin da jarumansa duka masu sandar tsafi ne, har ya kai ki ga ƙin abinci, ai ya nuna miki illarsa da kansa. Ki fitar da su daga ɗakinki, ki bi maganar Umma. Ba don in ɓata miki rai na faɗa ba, wallahi tausayinki na ji.

Wata 'yar'uwa daga Jos:
Ba ke kaɗai ba ce. Ni Dobby ne ya karya ni. Wajen da Harry ya ƙi amfani da sanda, ya ɗauki shebur ya haƙa masa kabari da hannunsa, rufe littafin na yi na shiga banɗaki don kada yara su ga hawayena. Allah Ya yaye miki.

Wani malamin adabi:
Ƙanwata, tambayarki ta farko zan amsa, ta biyun in bar wa masu ita. Abin da ya same ki tsohon abu ne. A ƙarshen 1893 marubucin Ingila Arthur Conan Doyle ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes, ya kashe shi a wani magangarin ruwa a ƙasar Suwizalan. Masu karatu suka yi ta aika wasiƙun fushi, manyan mutane masu aiki da iyali, ba yara ba. Ba su bar shi ya huta ba har ya dawo da shi da rai a 1903. Ita ma J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, da yake a labarin ranar 2 ga Mayu aka yi wannan yaƙi, ta yi wasu shekaru tana neman afuwar masu karatu a Twitter duk ranar, kan wani da ta kashe a labarin. Wanda ta fara neman afuwa a kansa a 2015 shi ne Fred ɗin nan naki, sai Lupin a 2016, Snape a 2017, Dobby a 2018. Da mutum ɗaya ne ya yi kukan, da ba ta yi haka ba.

Ki lura kuma da yadda aka tsara littattafan. Daga 1997 zuwa 2007 suka fito, kowane ɗaya shekara guda ce ta makaranta. Kin san tagwayen nan tun suna da shekara 13, kin zauna da su a teburin cin abinci, kin ji faɗan da mahaifiyarsu take musu, kin ga ranar da suka bar makaranta suka buɗe shago. Mutane nawa ne a unguwarku kika san cikin gidansu haka? Zuciya ba ta tambayar katin shaida kafin ta saba da mutum.

Akwai wani wuri a littafi na biyar da nake so ki koma. Mahaifiyarsu ta ci karo da halittar nan da ke rikiɗa ta zama abin da mutum ya fi tsoro, sai ta riƙa ganin gawar 'yan gidanta ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan tagwayen, tare ta gan su a mace. Ko a cikin mafi munin tsoronta ba ta iya raba su ba. Marubuciyar ta zo ta yi abin da uwar ta kasa ko hasashensa, shi ya sa ciwon ya fi na sauran. Kuma ba ta rubuta mutuwa daga nesa ba: mahaifiyarta ta rasu a ƙarshen 1990, 'yan watanni bayan ta fara rubutun.

Ɗan'uwan Katsina ya sake cewa:
Malam, yawan masu yin abu ba ya halatta shi.

Wata malamar Islamiyya:
Haka ne ɗan'uwa, yawa ba hujja ba ne, amma a bi abin a hankali. Koyon sihiri da aikata shi da zuwa wurin boka, haramcinsu ba shi da jayayya. Karanta ƙagaggen labarin da aka saka sihiri a ciki kuwa, malamai sun saɓa. Akwai waɗanda suka hana saboda yana ƙawata abin da Allah Ya la'anta, musamman a idon yara. Akwai waɗanda suke kallonsa kamar tatsuniya, matuƙar mai karatu ya san ƙarya ce kuma ba ta taɓa aƙidarsa ba. Mu ma da labarin Dodo da aljanu da zoben sihiri muka tashi a gindin kakanninmu. Ni ba zan yanke miki fatawa a nan ba, ki samu malamin da kika yarda da iliminsa ki gaya masa komai.

Sai dai na karanta saƙonki sau biyu, ban ga inda kika ce kina sha'awar sanda ko tsafi ba. Ɗan'uwa ya rasa ɗan'uwansa, shi kike wa kuka. Wannan tausayi ne, kuma tausayi ba zunubi ba ne. Abin da zan tambaye ki: yaya sallarki a makon ukun nan? Kina tashi asuba? Kina riƙe da azkar? In sun yi rauni, to nan ne gyaran yake. Batun ruƙiyya kuma kada ki ja da Umma. Alƙur'ani waraka ne, ko babu iska ba zai cutar da ke ba. Ki karanta wa kanki Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki roƙe ta ta zauna kusa da ke ta tofa miki. Hankalinta zai kwanta, ke ma naki. Ki dai guji masu duka da masu turare da sunan cire aljani.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. Tun 1956 wasu Amurkawa biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan shaƙuwa mai ɓangare ɗaya, wato ka saba da wanda kake ji a rediyo ko kake gani a talabijin kamar abokinka, shi kuwa bai san da kai ba. Daga baya aka faɗaɗa maganar har zuwa mutanen cikin littafi. Ita kanta ba ciwo ba ce.

Amma ni mako ukun ne da rashin cin abinci da rashin barci suka tsaya mini. Abin da muke dubawa a asibiti shi ne, in mutum ya haura mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake jin daɗinsa da ya daina masa daɗi, barci da ci sun rikice, to ana zargin ciwon damuwa. Sau da yawa littafi ko fim ba shi ne tushen ba, ƙofa kawai ya buɗe wa abin da ya daɗe a ciki. Ki je ki ga likita, ba abin kunya ba ne. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki gaya wa Umma yau ɗin nan.

Wata Hajiya daga Damagaram:
'Yata, ni ban iya Turanci ba, jikata ce ta karanta mini saƙonki take kuma rubuta mini amsa. A zamaninmu wasan kwaikwayon rediyo muke saurare, kuma na ga matan aure sun ƙi cin tuwo don an saki wata a cikin wasa. Da na girma sai na gane wadda ta fi kowa kuka a cikinmu ita ce wadda igiyar aurenta ke rawa. Kowa da abin da yake wa kuka. Kin ce mutane da yawa sun mutu a labarin, duk kin shanye, sai na tagwaye ya kayar da ke. To ni tambaya ɗaya gare ni: wa ya tafi ya bar ki?

Mai neman shawara ta dawo:
Na gode muku duka, har da ɗan'uwana na Katsina, na san don Allah ka faɗa, kuma zan je wurin malaminmu kamar yadda Malama ta ce.

Hajiya, kwana biyu ina kallon tambayarki na kasa amsawa. Ni Hassana ce. Wata biyar da suka wuce aka ɗaura auren Usainata, mijinta ya tafi da ita Fatakwal. Shekara 24 gado ɗaya muke kwana. Littattafan nan shida ba ni kaɗai na karanta ba, ni ke karantawa a fili ita tana saurare, don ita karatu yana sa ta barci amma tana son labari. Mu muka yi alkawarin ajiye na bakwai sai mun gama jarrabawar ƙarshe mu karanta tare, sai hidimar biki ta zo ta cinye lokacin. Ranar da aka kai ta ban yi kuka ba. Ni ce mai rabon abinci, ni ce mai lissafin kayan ɗaki, kowa yana yaba mini dauriya. Da ta kira ni kuma sai in ce komai lafiya, don kada in ɓata mata amarci. Wallahi ban haɗa abin nan biyu ba sai da kika tambaya.

Makon jiya na kira ta na gaya mata. Ashe ita ma kullum sai ta yi kuka in mijinta ya fita aiki, tana ɓoye mini don kada in damu. Mun fi awa ɗaya a waya. Daga nan na shiga ɗakin Umma na faɗa mata, ta yi shiru, can ta ce ita ma har yau kwano biyu take ɗaukowa in za ta zuba mana abinci. Ta yi mini tofi da kanta. Anti mai jinya, ban manta da maganarki ba, Yaya zai kai ni asibiti ranar Litinin, don barcin har yanzu bai dawo daidai ba.

Usaina ta ce alkawari yana nan, ba ta yafe ba. Yanzu kowane dare bayan isha'i ina karanta mata babi ɗaya ta saƙon murya. Jiya muka gama na biyar, inda aka kawo George gida jina-jina ya rasa kunne ɗaya, ya buɗe ido yana wa Fred barkwanci. Ta turo mini murya tana cewa Allah Ya so ba mutuwa ya yi ba, da ba ta san yadda Fred zai yi ba. Ba ta kalli finafinan ba, ba ta san abin da ke babi na 31 ba, don da na kira ta ban faɗi sunan wanda ya mutu ba. Ita kaɗai take wuni a gidan, a garin da ba ta san kowa ba. 'Yan'uwa, in gaya mata tun yanzu ta shirya, ko in tsaya a babi na 30 har sai ta zo gida da sallah mu karanta muna zaune kusa da juna?